Keken da Muka Aro wa Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaron nan naku mai ƙin cin abinci. Allah Ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya, Ya sa sanyin ƙasarku bai kama ƙirjin kowa ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. 'Yan biyu sun sami hutu, sun mai da gidan kasuwa. Ta goye ta fara haƙori, ba ta barin kowa ya huta. Mama tana nan da ciwon gwiwarta da mitar nan da kika sani. Baban yara yana gaishe ki, ya ce wai kin manta da shi tun da kika koyi yaren mutanen can. Shi kuwa Baba, saboda shi na ɗauki alƙalami, don ke a waya ba kya bari mutum ya kai aya, da an fara magana sai kuka.

Da farko dai albishirinki, biza ta fito mana gaba ɗaya. Yadda na tsara, za mu fara sauka a tsohon birnin nan mai gidan tarihi da gidan namun daji, don yara su buɗe ido. Daga nan mu wuce na bakin teku, inda aka ce akwai wurin wasan yara da ba a gama zagaya shi a yini guda. Sai a ƙarshe mu zo naku, mu huta gajiya a hannunki. Ke kina can kullum a zo, a zo, amma ba ki san abin da ake nufi da jan tsofaffi biyu da yara uku ta filayen jirgi ba, ga akwatuna, ga Baban yara wanda ko fasfonsa sai na riƙe masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na yi makonni ina tunanin layin nan da za mu riƙa bi a kowane gari, 'yan biyu suna ɓacewa cikin ƙafafun mutane, ta goye tana tsala ihu.

Mai sayar mana da tikiti ne ya ba ni dabara, Allah Ya yi masa albarka. Ya ce duk inda aka je, wanda ke kan keken guragu ba ya bin layi. Ma'aikaci ne zai zo ya tura shi ta wata ƙofa daban, iyalinsa kuma su bi bayansa, haka a filin jirgi, haka a gidan tarihi, haka a wurin wasan. Nan take na yanke shawarar Baba za mu ɗora a kai. Na san za ki ce ai Mama ce mai ciwon gwiwa. Na yi wannan tunanin kafin ke. To in Mama ta zauna, wa zai goya mini yarinya, wa zai bi 'yan biyu? Ai ba don ta ga teku kawai na sa ta a tafiyar ba. Baba ne ba shi da aikin yi a tafiyar nan, sai na ga gara mu ci amfaninsa.

Kin dai san Baba da ƙafarsa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu gida-gida, aka ba shi keke ya mayar, wai zumunta a ƙafa take. Har watan jiya bai fasa ba: ya goge jajayen takalman nan nasa da yamma, da safe ya taka har gada ya dawo, yana gaishe da kowa da sunan ubansa. Da na kawo masa maganar sai ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da ya ga ba wasa ba ne, ya ce shi bai taɓa ƙarya da bakinsa ba, ba zai fara da ƙafarsa ba. Ban yi masa gardama ba, ai uba ne. Na dai gaya masa cikin ladabi cewa in babu keke babu tafiya, sai ya zauna ya yi mana gadin gida, mu je mu gaishe masa da Autarsa da jikan da bai taɓa ɗauka ba. Ya ajiye kofin shayinsa, sannan ya tambaya ko keken yana da wuyar hawa. Kin ga ashe ke kika zaunar da shi, ba ni ba.

Keken a wurin maƙwabciyarmu na aro, wadda mijinta ya rasu bara. Sabo ne fil, in ban da ramin da marigayin ya bari a katifar zaman. Da yake ba a fafe gora ranar tafiya, sai na ce mu fara gwaji a gida. Auta, da kin ga ranar farko da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Ya zauna ƙyam kamar alƙali, ƙirji a gaba, ƙafa tana buga ƙasa. Wane ma'aikaci ne zai ga wannan ya yarda? Sai da na koya masa komai: ya saki kafaɗa, ya sunkuyar da kai, ya daina gaisuwa da muryar nan tasa mai cika ɗaki, in an zo kwana kuma kada ya sa ƙafa ya taimaka. Na rufe masa gwiwa da bargo, don ƙwaurinsa ya fi na Baban yara ƙwari. 'Yan biyu suka sami abin wasa, suna tsere da shi daga falo zuwa kicin suna cewa a ba da hanya ga kaya. Ran nan ta goye ta nufi bakin matakala da rarrafe, sai ga shi ya yi wuf ya miƙe ya cafe ta. Na gode masa, amma na yi masa faɗa sosai a gaban yaran, don irin wannan mantuwar ce za ta kunyata mu a ƙasar mutane. Mama ta ce in ji tsoron Allah. Na tambaye ta ko tana sha'awar tsayuwar layi da wannan gwiwar, sai ta koma wanke-wankenta.

Da na ga ya fara iyawa, na ce saura gwajin waje, don gida ba ya nuna gaskiyar abu. Na tura shi zuwa layin shaguna, za mu sayo wa yara rigunan sanyi, hanya kuma ta gaban tsohon ofishin su Baba ta bi. Abokinsa mai gyaran agogo yana hango mu ya saki abin da ke hannunsa ya fito. Ya durƙusa a gaban keken, ya kama hannun Baba, tsoho da shi yana hawaye, yana tambaya yaushe wannan ya faru, ai shekaranjiya ya gan shi a gada. Na ga Baba ya buɗe baki, sai na riga shi, na ce jiki da jini, sai dai addu'a. Kafin ka ce kwabo mutane sun taru, kowa da nasa sannu. Wata tsohuwa, wai shi yake kawo mata wasiƙun ɗanta a da, ta kwance bakin zanenta ta ajiye masa sadaka a kan bargon. Baba ya ƙura wa kuɗin ido, bai taɓa su ba har muka iso gida. 'Yan biyu suka kwashe suka sayi alewa. Ni kam na ji daɗi, don in har mutanen da suka san shi tun yana saurayi sun yarda, baƙon da ke filin jirgi ba zai yi musu ba.

Washegari da safe ina kicin na ji shi ya sa takalma. Ya je har bakin ƙofa, ya kama mariƙin, ya tsaya yana jin muryoyin maƙwabta a waje. Ya daɗe a nan, sannan ya dawo ya cire su. Daga baya Mama take gaya mini abin da ya ce mata. Wai in ya fita da ƙafarsa, da wane ido zai kalli mutumin da ya yi masa kuka jiya? Kuma wai ba shi za a zaga ba, ni za a kira maƙaryaciya, shi kuwa ba zai yarda a kira 'yarsa haka a unguwar da ya yi suna ba. To kin ji, ban hana shi fita ba, ban kulle ƙofa ba, shi ya ga dama. Tun daga ranar 'yan dubiya ba su yanke ba, wannan ya fita wannan ya shigo, kuma da yake ba a san lokacin da za a ƙwanƙwasa ba, sai ya zama a keken yake yini.

Makon jiya ya yunƙura zai shiga banɗaki, gwiwoyin suka ƙi, ya zube a tsakar falo. Kada ki tayar da hankalinki, bai ji ciwo ba, Baban yara ya ɗaga shi. Likita ya zo ya duba, ya ce ba wata cuta, zama ne ya cinye ƙafar, kuma a shekarun Baba abin da ya tafi ba lalle ya dawo ba, don haka a riƙa tayar da shi yana takawa kullum. Na ce masa to, in Allah Ya dawo da mu lafiya. Yanzu da tafiya ta matso zan rushe abin da na sha wahalar ginawa? Ni a wurina faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Shi da yake ƙyamar ƙarya, ga shi Allah Ya raba shi da ita, duk wanda ya tambaye mu a hanya gaskiya za mu gaya masa.

Ranar da na ɗan taɓo miki maganar keken a waya, kin ce mini ba ni da imani. Ban ji haushi ba, auta ce ke, an saba bari ki faɗi son ranki. Amma ki tuna hanyar makarantarmu. Ke a wuyansa kike tafiya, kina riƙe da kunnuwansa kina waƙa, ni ina baya da jakata da taki, takalmi ya yanke mini dunduniya. In na ce Baba a jira ni, sai ya ce ƙafa don tafiya aka yi ta, ko waiwayowa ba ya yi. Ke ba za ki tuna ba, wanda aka ɗauka ba ya sanin nisan hanya. Yanzu ma shi ne a gaba ni a baya, sai dai in na tsaya dole ya tsaya, in na ce hagu hagu za a yi. Ba zan ɓoye miki ba, akwai daɗi, kuma ban ga wanda zai hana ni jin sa ba bayan ni nake yi masa wanki da girki duk shekarun da kike can kina aiko da hotuna.

Saboda haka ga abin da nake so ki yi. Ki nema masa wurin kwana a ƙasa, don na ji gidanku hawa na uku ne, kuma ba na so Baban yara ya karya bayansa. Yawon bakin kogi da kika ce za ku riƙa yi da shi da safe, ku biyu kamar da, ki cire shi daga ranki, sai dai in za ki tura. Sannan don Allah ranar da za ki tarye mu ki riƙe kanki. Kada ki zo kina kuka kina cewa Baba tashi in gan ka, ma'aikatan suna tsaye, kuma ta wannan filin za mu koma. In ma kin ce ya tashi kunya kawai za ki ba shi.

Kwanakin baya ina haɗa kaya ya kira ni. Na same shi da takalman a cinya, ya goge su har suna ɗaukar ido. Na zaci so yake in sa masa a akwati, har na fara cewa babu wuri. Sai ya miƙo mini, ya ce in ba mai gadin layinmu, ƙafarsu ɗaya, kada su lalace a ajiye. Na kai masa, mutumin ya yi ta godiya. Yanzu kowace safiya ta gefen tagar Baba yake wucewa da su, Mama ta ce tun daga nesa Baba yake gane takunsu, sai ya sa ta rufe tagar. Wurin da za su ci a akwati ya rage, don haka ki yi sauri ki gaya mini abin da kike marmari daga gida in sa miki a madadinsu.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki shafa mini kan yaron. Ki gaishe da 'yar Kawu in kuna haɗuwa, da maƙwabciyar nan taki mai kirki da ta zauna da ke lokacin haihuwa. Mama tana gaishe ki, ta ce ki yi mata addu'a, ban san ta mece ce ba. 'Yan biyu sun ce a tanadar musu alewa. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce yana sa miki albarka, kuma ki yafe masa, ya so a ce da ƙafarsa zai zo miki.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki