Ranar da Na Tuƙa Zabuwa

Zuwa ga ƙanina, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, Ya kuma ƙara maka juriyar zaman nesa. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Baba ta yi sauƙi tun da ya yarda yana shan magani. Gwaggo ta zo ta ɗan kwana biyu ta koma, ta bar mu mu biyu kamar yadda muke tun rasuwar Inna. Na rubuto maka ne maimakon in kira ka, don na san halinka, kafin in kai tsakiyar zance ka katse ni da dariya ko ka ce aiki na jiranka. Wannan maganar kuwa ba ta katsewa ba ce. Motar Baba ta bar gidan nan.

Kai ka raɗa mata Zabuwa, ranar da Baba ya bi tsatsar jikinta da fenti har ta fito dabbare-dabbare. Ka tuna lokacin da Baba yake tseren mota a tsohon filin jirgi na bayan gari, mu muna maƙale a jikin waya muna ihu, Inna ta rufe fuska da mayafi tana salati har sai an ce mata ya iso? Da ya fito daga motar sai ya sumbaci bonet kafin ya dube mu. Inna takan ce ita dai ba ta taɓa kishi da mutum ba, sai da ƙarfe. Ni ce mai miƙo masa sifana, ni ce mai riƙe fitila idan ya shiga ƙarƙashinta, a wurinsa na koyi gane ciwon inji da kunne. Amma duk sanda na roƙe shi ya bar ni in tuƙa ta, ko daga ƙofar gida zuwa bakin titi, sai ya ce ai Auta yake jira ya girma. Kai kuwa ka girma ba ka san birki ba, ba ka san totur ba, ka tattara ka yi tafiyarka. Ban taɓa gaya maka ba, amma abin ya daɗe yana cina.

Ka san aikina a tashar gwajin motoci: in zura bakin na'ura a salansa, a taka totur, in karanta abin da ta nuna. Bana aka tsaurara doka, duk motar da hayaƙinta ya wuce ƙima sai a manna mata jar takarda, ba ta kuma hawa titi. Ni kam ban ga laifin dokar ba. Kullum na dawo gida wuyan rigata baƙi ƙirin, idan na fyace hanci kuma ba na son kallon tsumman. Akwai wata mai sayar da lemo a shataletalen kusa da mu, tari take yi kamar ƙirjinta zai tsage, ga jinjiri a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Na sha kawo wa Baba labarinta muna cin abinci. Shi kuma sai ya ce wai in tsohuwar mota guda ce za ta ƙone duniya, to bututun masana'antu da manyan motocin masu hannu da shuni turare suke fitarwa? Wallahi ba ni da amsar da ta ishe shi, shi ma kuma ba shi da amsar tarin matar nan. Haka muka yi ta jan zancen, kowa da gaskiyarsa.

Da lokacin sabunta takardun Zabuwa ya zo, na yi zaton zai kai ta wata tashar. Ina tsaka da aiki sai na ji kukan injin da ko a mafarki zan gane shi. Ga Baba ya sha farar rigarsa, ya sa tsohuwar safar hannun tserensa, motar ta sha wanki tana ƙyalli. Layi uku ne a wurinmu, kuma nawa ya fi tsawo, amma nawa ya bi. Abokan aikina suka yi ta yafito shi ya koma inda babu kowa, ya yi kamar bai gan su ba. Ni kuwa ga ni nan, gaba kura baya sayaki. Shugabanmu ya matso ya raɗa mini cewa shi zai je shan ruwa, duk abin da na rubuta bai gani ba. Auta, tun kafin in zura na'urar kunnena ya gaya mini sakamakon. Baba ya taka totur, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe rumfar har mai gadi ya ja da baya yana tari. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ɗauko jar takarda na manna a gilashin gaba. Baba bai dube ni ba. Ya gyara madubi, ya ja motarsa a hankali ya fita.

Daga ranar gidan nan ya koma shiru. Ba faɗa, ba zagi, da ma zagin ya yi da na fi samun sauƙi. In gaishe shi ya ɗaga hannu, in ajiye abinci ya ci ya rufe kwano. Da la'asar sai ya shiga motar a tsakar gida ya zauna, bai tayar da ita ba, hannunsa kan sitiyari, ni kuma ina leƙensa ta tagar kicin. Ban taɓa sanin mutum biyu za su zauna a gida ɗaya kowa yana kaɗaici shi kaɗai ba sai a kwanakin nan. Na kama kaina ina yi wa butar shayi magana. Abokan tserensa duk sun ƙare, wasu sun rasu, wasu 'ya'yansu sun kwashe su. Da ma mota ce ta rage masa, sai ni. Na raba shi da ɗaya, ina ganin ɗayar ma ya sallama ta.

Da abin ya ishe ni na je wurin Kawu Mai Walda, wanda yake gyara masa salansa tun muna yara, na roƙe shi ya ba Baba haƙuri. Kawu ya ɗage tabarau ya dube ni, ya ce wai ni da ilimina ashe ban san ubana ba. Ya ce tun bara Baba ya gaya masa injin ya gama, gyara ba zai ƙara yi masa komai ba, kuma ya san ba za ta tsallake gwaji ba. Layina ya bi don ba ya son hannun baƙo ya manna mata takardar. Ya ce shirun ba fushi ba ne, mutum ne yake zaman makoki bai san yadda zai faɗa ba. Na dawo gida ban san ko in yarda ba, don ka san Kawu da iya lallashi.

Shekaranjiya da safe na fito na tarar da makullin motar kusa da kofin shayina. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa a waje. Ya ce mota ba kujera ba ce, ba zai iya kallonta kullum tana ruɓewa a tsakar gida ba, ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Kawu zai ja ta da igiya, kuma dole wani ya riƙe sitiyari. Ya ce kada in taka birki da ƙarfi, ba ta so. Maganar da ya fara yi mini ke nan tun ranar gwaji.

Haka na tuƙa Zabuwa, Auta. Shekara da shekaru ina roƙo, ga shi na samu, injin a kashe, igiya a gaba. Baba ya zauna a gefena, kujerar da ban taɓa ganinsa a kai ba. Ba ka jin komai sai ƙarar taya da kukan igiya. Ya sa Kawu ya bi ta tsohon filin jirgi, wanda yanzu an dasa masa itatuwa layi-layi, har sun fara yin inuwa. Na saci kallonsa, na ga ƙafarsa tana danna ƙasa, hannunsa yana motsi a kan gwiwa daidai wuraren da yake canza giya a da. Da muka isa wurin masu sayen tsohon ƙarfen ya fita, ya sumbaci bonet, ya cire safar hannunsa ya miƙo mini. Bai tsaya ya ga an taɓa ta ba.

A ƙafa muka dawo, don ya ce ba ya son shiga motar kowa ranar. Da muka zo shataletale, ya tsaya ya sayi lemo a wurin matar nan, ya daɗe yana kallon jinjirin. Da muka wuce ya ce, ba tare da ya juyo ba, wai ya lura da yadda na sha kwanar filin jirgi, riƙon sitiyarina irin nasa ne sak. Ya ce da ya sani, da ya ba ni ita tun tana da rai. A tsakiyar titi na fashe da kuka, da girmana, shi kuma ya tsaya yana ɓare mini lemo.

Yanzu tsakar gidan ya yi mana faɗi. Akwai tabon baƙin mai a inda take tsayawa, na ɗauko buroshi zan wanke ya ce in bari tukuna, na bari. Don Allah ka riƙa kiransa, kuma kada ka yi masa zancen sababbin motocin da ba su da ƙara. Ka tambaye shi labarin tseren da taya ta fashe masa ya ƙarasa a kan ƙarfe, ka yi kamar ba ka taɓa ji ba.

Ka gaida Amarya da kyau, ka shafa mini kan Takwaran Baba da 'Yar Lele. Gwaggo da Kawu Mai Walda suna gaishe ka. Baba ma ya ce in gaishe ka, kuma da bakinsa ya faɗa mini. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka, direbar Zabuwa ta ƙarshe