Bakina Ya Ƙi Kiran Ɗana Magajin Gari

Mai shawara, don Allah a taimaka mini, abu ya tsaya mini a rai. Ban yi boko ba, maƙwabcina tela ke rubuta wannan, na kuma hana shi gyara mini magana.

Shekara talatin da huɗu ina gadin ofishin magajin gari. Mutum shida suka hau kujerar a kan idona. Kowannensu, kafin in kira shi da sunan, sai na ja shi a ƙafa mun zaga gari: kasuwa, kwatar da ke cika da damina, lungun da famfonsa bai taɓa kawo ruwa ba, mu ƙare a maƙabarta. Har wani mai ciwon gwiwa a cikinsu sai da ya bi ni. Wanda bai ga gari ba, me ya gada?

Yanzu autana aka zaɓa. Na ce mu je, ya yi dariya, wai aiki ya yi yawa, zai turo mota. Mota! Ta ina za ta shiga lungu? Ranar rantsuwa, a gaban jama'a, na kira shi Auta. Wata uku ke nan bai tako gidana ba. Aike yana zuwa, shi ba ya zuwa. Da mahaifiyarsa na raye da tuni ta shirya mu. Wuni nake da sandata a ƙofar gida, ba motsin kowa sai keken tela. Ni ne da laifi?

Tsohon Mai Gadi

Baba, sannu da haƙuri. Magajin gari a yau shi ne wanda mutanen birni suka zaɓa da ƙuri'a ya riƙe musu gari na wasu shekaru. Ranar da aka rantsar da shi sunan ya zama nasa, ya zaga ko bai zaga ba. Gaskiya ka kunyata shi a gaban mutanensa. Shi ma bai kyauta ba, don abin da ke kanka ba ya cikin kowace takarda a ofishinsa.

Mutum shidan nan mai gadi suka bi, cikin raha. Shi kuwa ubansa ya gani yana gwada shi, kuma wannan da ciwo.

Ka sa tela ya rubuta masa layi biyu, ba sharaɗi. Ka ce ƙafa ta yi nauyi, kana son mai riƙe maka hannu zuwa kabarin mahaifiyarsa. Hanya ai ka san ta inda za ku bi. In kun dawo, kira shi magajin gari a ƙofar gida, yadda tela zai ji. A cikin ɗaki kuwa, Autanka ne.

Allah ya ƙara lafiya, Baba, ya dawo maka da shi.