Zuwa ga Baban Hadiza, mai gadin fankokin da ba su juya ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam.

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, ina sanar da kai yau na ji a rediyo gwamnati za ta tallafa wa aikin samar da lantarki da iska. Na kasa ƙarasa jin labaran.

Ka tuna da soja suka koma bariki, muka ɗauka komai zai gyaru? Keken surfaninka na lantarki ne, wuta kuwa sai ta ga dama. Kayan sallar mutane suka taru a shagonka na Gwammaja, masu su suka gaji suka kwashe. Ka rufe shagon.

Sai ka sami aikin gadi can arewa da mu, a wani fili da gwamnati ta sa aka kafa manyan fankoki na samar da lantarki da iska. Ranar tafiya ka ce, "Ki yi haƙuri, Binta. Da sun fara juyawa wutar har Kano za ta iso, in dawo kan kekena."

Duk zuwanka gida sai Hadiza ta tambaye ka ko sun juya. Kakan shafa kanta ka ce, "Iska tana nan, 'yata. Mutane ne ba su shirya ba."

Injiniyoyi suka tafi. Abokan gadinka suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na roƙe ka ka dawo, ka ce amana aka ba ka.

Ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi ƙaninka Sani ya yi sallama, ya kasa haɗa ido da ni. Ɓarayin waya ne suka shiga filin, ka tare su. Kafin mu isa mutanen ƙauyen sun yi maka sutura. Ban ga fuskarka ba.

Da na fita takaba na sa Sani ya kai ni wurin. Iska na fizgar mayafina, fankokin nan a tsaye, ko ɗaya bai motsa ba. Daga ofis kuma babu wanda ya tako zauren gidanmu ta'aziyya.

Wallahi ba na ƙin aikin nan, mijina. So nake su juya, ko na daina jin a banza ka tafi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi amanar da ka riƙe, Ya sada mu a Aljanna.

Taka har kullum,
Binta, Dukawuya