Na Ce wa Likita Ni Ne Ubanta

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni tukuna kafin ku tsine mini, domin na riga ku ganin baƙin kaina.

Ni malamin daji ne na En'e a ƙasar Birnin Gwari. Yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, manomi ne a Gayam. 'Ya ɗaya ce ta tsaya masa cikin duk waɗanda ya haifa. Tun bara idanunta suka yi ɗorawa, cikinta ya kumbura ta dama, in ciwon ya motsa sai ta yi ta birgima a tabarma. Aka ce shawara ce. Babu saiwar da bai haƙo a dajin nan ba, amma shiru. Da ƙyar ya yarda in kai ta asibiti a Kaduna. Za mu hau mota ya riƙe hannuna ya ce, "Allura na yarda, magani na yarda. Amma in ka ji Bature ya ambaci wuƙa, ka dawo mini da 'yata. Amana na ba ka." Na ce, "Na ɗauka, Yaya."

Likita ya duba ta, ya ce hanyar da ɗaci ke bi daga hanta ce ta kumbura ta zama jaka, in ba a yi aiki ba hantar za ta lalace. Sai ya ce, "Kai ne ubanta?" Jama'a, na dube ta, ta rame sai idanu, wa zai iya mayar da ita haka? Na ce, "Ni ne." Aka yi aikin. Na aika wa Yaya cewa magani kawai take sha, shi kuwa ya aiko da sassaƙe a ƙunshe yana ta sa mini albarka.

Ta farfaɗo, idanun suka fara washewa, har ta nemi fura. Ran nan ta ce, "Baffa, in Baba ya ga ɗinkin fa?" Na ce, "Ki ce maruru ne." Ni da bakina na koya wa yarinya yi wa ubanta ƙarya, ina kunya ta fi wannan?

Yanzu zazzaɓi ya dawo, ɗinkin yana tsattsafo da koren ruwa. Likita ya ce sai an sake buɗewa, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Ga shi Yaya ya aiko cewa da ya gama girbi yana nan tafe. In na faɗa masa gaskiya, na san halinsa, saɓa ta zai yi a kafaɗa da ɗanyen miki, hanyar nan kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. In na sake cewa a yi, ta cika, masu wanka za su ga abin da na ɓoye, da wane ido zan dube shi?

Likita yana jiran amsar ubanta, shi kuwa ubanta bai san an tambaye shi ba. Don girman Allah, me zan yi?