Gurbin Yatsan Mama a Wainar Kifi

Anti, don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe. Ba ni da wanda zan faɗa wa maganar nan bai ce karatun littattafan soyayya ne ya taɓa min kai ba.

Abin ya faro ne wata Talata da hantsi, mako uku bayan rasuwar uwar mijina, wadda muke kira Mama. Tun da na tare muke zaune da ita, shekara guda da 'yan watanni. Ni dai ba gwanar girki ba ce, gara in faɗi gaskiya. Sau nawa ina tsaye a kicin, littafi a hagu, ludayi a dama, sai ƙauri ya dawo da ni duniya. Mama ba ta taɓa yi min faɗa ba, sai dai ta leƙo ta ce in tambayi saurayin cikin littafin ko shi zai ci ƙanzon. Ranar da ta kama ni da kwalbar yaji a ɓoye bayan littattafaina ma dariya ta yi har da hawaye, don a gidanmu ba a sa barkono a tukunya saboda gyambon cikin mijina.

Ita ba ta zubar da abinci ko loma ɗaya. Ragowar kifin jiya za ta zare wa ƙaya, ta dandaƙa shi da dafaffen dankalin da ya kwana, ta sa albasa da ƙwai, ta mulmula, ta baɗe da garin busasshen burodi, ta soya. Wainar kifin Mama ke nan, da ita mijina ya tashi. Kowace ɗaya sai ta danna mata babban yatsa a tsakiya kafin ta ajiye.

Da ta rasu, mijina ya daina cin abinci. Gyaran agogo yake yi. Zai dawo daga shago ya zauna, ya kalli faranti, ya ture. Na ga lokacin da ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa.

To a Talatar nan ina kwashe ƙanƙarar firiza sai hannuna ya taɓo wasu robobin bota a can ƙasa, guda tara, a jere. Na buɗe ɗaya. Wainar kifi ce, a mulmule, ba a soya ba, kowace da gurbin yatsanta. Anti, har zanen fatar yatsan ana gani. Ban san abin da ya kai ni ba, na sa nawa yatsan a ciki, ya zauna daram kamar da shi aka auna. Sanyin ya hau min har gwiwar hannu.

Na soya. Ya dawo cin abincin rana, ƙamshin ya tsayar da shi a bakin ƙofa. Ya cinye tas, ya kifa kai a tebur ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar. Da ya ɗago sai ya ce ashe ni Mama ta bar wa hannunta, ya ɗauka ni na haɗa wainar. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga yadda yake kallona, irin kallon da nake karantawa a littafi ban taɓa samu ba. Na rufe bakina.

Tun daga nan duk Talata nake soya roba ɗaya. Ya murmure, yana cin sauran abinci ma, har yana yi wa yayyensa mata alfahari da ni a waya. Ni ce dai na rasa kwanciyar hankali. In na fito da wainar tana narkewa, sai ruwa ya taru a gurbin yatsan ya yi ƙyalli, su jeru a faranti kamar idanuwa suna kallona. In mai ya fara ƙara, sai in ji takun silifa a bayana, ana jan ƙafar hagu yadda take yi. Da rana tsaka fa, taga a buɗe, mai sayar da ruwa yana kira a titi. In juya, babu kowa. Mako biyar ke nan ban buɗe littafi ba, ni da ko layin asibiti ba na zuwa babu shi. Sai in tsinci kaina ina kankare gindin tukunya ina zubawa a roba.

Makon jiya na gwada yin tawa wainar a ɓoye, don in koya kafin nata ya ƙare. Da na gama jerawa na duba, kowace da gurbin yatsa a tsakiya, kuma wallahi ban tuna na danna ba. Ɗanɗanon kuwa ko kusa, da ya ci zai gane. Shekaranjiya kuma yana zaune yana kwance wani agogo, na ji bakina ya kira shi Auta, sunan da Mama kaɗai ke kiransa. Bai ko ɗago ba ya amsa da na'am Mama. Sai muka kalli juna, agogunan ɗakin suna ta bugawa.

Yanzu saura roba ɗaya, kuma ba kamar sauran ba ce. Akwai takarda a manne a murfin, da rubutun hannunta, cewa wannan ta 'yarta ce, kada a ba Auta. Ni take kira 'yarta. Me ya sa kada a ba shi? Ta san zan yaudari ɗanta ne? A littattafan da na karanta, irin wannan takarda ba ta zuwa da alheri. In na gaya masa gaskiya ina tsoron ya koma ture faranti, ko ya daina yi min wannan kallon. Ban buɗe robar ba. Na yanke cewa ranar Talata zan jefa ta a shara a rufe, in ce masa na daina yin wainar, in bar maganar a cikina.

Taki,
Mai Ƙona Girki

'Yata,

Allah ya jiƙan Mama. Na lura a duk wasiƙarki babu inda kika ce wani ya yi miki gaisuwa ke ma, alhali ke ce kuke wuni tare da ita a kicin ɗaya. To ni na yi miki. Wanda ya yi rashi yakan ji takun wanda ya rasa, bakinsa ya ɗauki kalmominsa. Ba zan ce na san duk abin da kika ji a bayanki ba, amma matar da ta yi dariya da kwalbar yajinki ba ta dawo ta tsorata ki ba. Yatsan kuma, shekara guda idonki yana kallon hannunta ta saman littafi, hannunki ya koya ba ki sani ba. Masu girki da yawa suna danna tsakiyar ne don wuta ta ratsa ciki.

Shirun da kika yi ran farko ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ne yana ramewa a gabanki, kika samu abin da zai ci. Amma ki duba ɓangarensa. Sau takwas yana cin abincin da mahaifiyarsa ta mulmula da hannunta, bai sani ba. Mata ce da ta ji jikinta, ta tsaya ta cika wa ɗanta firiza kafin ta tafi. Wannan labarin nasa ne, ba ki da ikon jefa shi a shara.

Takardar kuwa, ki sake karanta wasiƙarki. Wa ke son yaji a gidan, wa kuma aka hana? Ban buɗe robar ba, amma zan yi mamaki in ba barkono za ki tarar a ciki ba. Takwas ta yi wa ɗanta, ɗaya ta yi miki yadda kike so.

Ga abin da za ki yi. Kada ki jira Talata. Ki zaɓi rana bayan ya ci ya ƙoshi, ki jera masa robobin nan takwas da kika wanke, ki ɗora ta taran a kai, ki faɗa masa komai a taƙaice, har da dalilin shirunki. Zai iya ɓata rai, ki ba shi kwana biyu. Ku buɗe robar tare. In kin tabbata firizar ba ta taɓa narkewa ba, kuma babu wari ko sauyin launi, ki soya har cikin ya yi zafi sosai, ki ci rabonki yana kallo. In kina shakka, ku haƙura da cin, ku adana takardar. Daga nan ki kira yayyensa su koya miki ma'aunin Mama, shi kuma ya riƙa ɗanɗana miki har hannunki ya faɗa. Ki koma ga littattafanki, amma a sauke tukunya tukuna.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa albarka a tukunyarki.

Antinki