Kujerar Lilo a Ajin Walƙiya

Anti, ki taimaka mini kafin Litinin. Makaranta na shirin korar 'yata, ni kuwa har yanzu dariya ta hana ni ganin laifina.

Ni kafinta ne. Sakandare na tsaya, ita ma da ƙyar, amma da zarto ɗaya da gudumar aro na fara, yau shagona sai ka ɗaga murya kafin na ƙurya ya ji ka. Ba yabon kai ba, kujerar da na haɗa har jikanka zai zauna a kai.

'Yata ta biyu shekararta sha huɗu. Walƙiya muke kiranta, don kafin ka rufe baki ta tafi aiken, ta dawo, ta manta abin da aka aike ta. Kai gare ta, Anti, na ubanta ta ɗauko! Amma a makaranta kullum ƙara: ta yi surutu, ta amsa tambayar da ba ita aka yi wa ba, ta tura kujera baya tana lilo har ƙafar kujerar ta karye. An sa ta shara, an tsayar da ita a bakin ƙofa, an kira ni har mai gadi ya daina tambayata wa nake nema.

Watan jiya muka kai ta asibiti. Likita ya ce wata larura ce mai suna ADHD, da ke hana mutum natsuwa da zama wuri ɗaya. Ya ce ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ɗan motsi yakan taimaka wa irinsu su tattara hankali. Wallahi a ofishin nan kamar in taka rawa! Ashe ba mu muka ɓata ta ba!

Na ce to, tunda motsi ake nema, ai an zo gidana. Na zaɓi katako mai kyau na haɗa mata kujera mai lilo, ƙafafu a lanƙwashe kamar jinjirin wata, na goge, na shafe ta da fenti tana ɗaukar ido. Na ɗora a ka, na shiga ajinsu ana tsakiyar lissafi, na dire, na ce wa malama ga magani na kawo.

Da kin ga ajin nan! Yara suka yi caa, kowa sai ya ɗana, har layi aka ja. Wani ƙato ya yi lilon da ya wuce ƙa'ida, ya kife da teburin malama, alli ya watse ko'ina. Amma kujerata, Anti, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba!

Yanzu shugaban makaranta ya ce mu zo Litinin, kwamiti zai yanke ko Walƙiya za ta ci gaba da karatu a wurinsu. Uwar yara ta ce garin neman gira na tsokane ido. Ita kuwa yarinyar tun ranar ta yi tsit, ko ƙafa ba ta kaɗawa, na ce kin ga har magani ya fara ci. Niyyata in sake ɗaukar kujerar in kai gaban kwamiti, su zauna su ji da jikinsu. Ya kika gani?

Naki, Mai Zarto.

Malam Mai Zarto, na yi dariya, amma don Allah ka bar kujerar nan a gida.

Kana da gaskiyarka. Murnarka a kan hanya take, kuma uban da zai ɗauki katako a ka saboda 'yarsa abin yabo ne. Sai dai malama ma tana da tata: aji shagonta ne. Da wani ya shigo naka kana yanka ya dire maka sabon inji ba sallama, yaya za ka ji?

Ranar Litinin ku je kai da maiɗakinka. Ka fara da ba malama haƙuri, ka ce kai ka kawo hargitsin, ba yarinya ba. Ku nuna bayanin likita, sannan ku roƙi ƙananan abubuwa: a matso da ita gaba, a riƙa sa ta goge allo ko raba littattafai don ta sami dalilin tashi, a gutsuttsura mata aiki. Ku kuma yarda cewa in ta karya doka za a hukunta ta. Larura bayani ce, ba ta ɗauke ladabi.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ka gaya mini yaran aji sun hau kujerar, ba ka ce Walƙiya ta hau ba. Shirun nan nata ba sauƙi ba ne, kunya ce, an nuna ta a gaban sa'o'inta. Kafin ka ba kowa haƙuri, ita za ka fara ba, ka tambaye ta me take so a faɗa wa kwamiti.

Kujerar kuwa ka sa mata a ɗaki, ta yi aikin gida a kai in ta ga dama. Allah ya sa Litinin ta zo da alheri, ya raya Walƙiya, ya ƙara wa zarto kaifi.