Baba da Mazarƙwailarsa a Wayar Muhsin

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Yaya ƙafar Inna, yaya Baba da aikin rake?

Lafiya lau nake a Legas. Har yanzu jakar kyamarar maigidana nake ɗauka, amma ya ce lokacina na zuwa.

Jiya ya nuna mana fim ɗin da ƙanenmu Muhsin ya ɗauka da waya, Baba yana dafa mazarƙwaila a Kudan. Hoton sai rawa yake yi. Wai a hakan, maigida ya ce mu koyi aiki. Ban ce masa gidanmu ba ne.

Allah ya ƙara wa Muhsin basira. Amma ki tambayar mini Baba, ni da na sha roƙonsa in ɗauke shi, me ya sa ya ce mini rake ba abin kallo ba ne?

Ƙanenki,
Zakiyyu